Gidauniyar Unguwa da 'Yan Siyasa: Yadda Ake Nema a Sakkwato Har Kuɗi Su Shiga Asusu

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gidauniya ya san irin wannan rana. An kafa rumfuna, an jera kujeru, sanƙira ya wasa manyan baƙi, wakilin Honarabul ya karɓi lasifika ya ce maigidansa ya ba da miliyan biyu, jama'a suka ɗauki kabbara. Wata uku suka wuce, ma'aji ya duba asusu bai ga komai ba, gini ya tsaya a linta, mutanen unguwa kuma suka fara kallon 'yan kwamiti da zargi. Sau da yawa ba mugunta ce ke jawo haka ba. An tsare mutum a gaban jama'a bai shirya ba, kunya ta sa ya faɗi abin da ba ya da shi a hannu. Don haka abin da za mu fi nanatawa shi ne, maganar gudummawar ɗan siyasa ana gama ta ne kafin ranar taro. Ranar taro sanarwa kawai ake yi.

Kafin ku taka ƙofar kowa

Ku tsayar da aiki ɗaya. Wasiƙar da ta haɗa rijiyar burtsatse da katangar maƙabarta da kayan sallar marayu da gyaran Islamiyya a shafi guda, ajiye ta ake yi, domin mai karantawa bai ga inda zai sa hannu ya ga ƙarshen abin ba. In rijiya ce, a ce rijiya. A samo ƙiyasi a rubuce daga masu aikin guda biyu, kowa da sa hannunsa da kwanan wata, sannan a yanka aikin gida-gida: binciken wurin da ruwa yake, haƙa, bututu, famfo, faifan sola, tanki da ƙarfen da zai ɗauke shi, kawunan famfo. Kowane gida da kuɗinsa. A ce duka aikin zai ci naira miliyan 6; wanda ba zai iya ɗaukar miliyan 6 ba yana iya ɗaukar tanki, wani ya ɗauki sola. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan ƙiyasin saboda tashin farashi, kuma in ya yi wata uku a ajiye a sabunta shi, don siminti da rodi ba sa zama wuri ɗaya.

Sai izini. Aji a makarantar firamare ta gwamnati yana buƙatar amincewar hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Gyaran ɗakin shan magani yana bi ta sashen lafiya. Filin da wani bawan Allah ya bayar kuwa a rubuta shi wakafi ne, magada da mai unguwa da liman su sa hannu. Ɗan siyasa yana gudun abin da zai jefa sunansa cikin rigimar fili, kuma yana da gaskiya.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai zuwa tara. A sa liman ko na'ibinsa, wakilin mai unguwa, ɗan kasuwa, matashi mai iya rubutu da lissafi, da mace aƙalla ɗaya wadda matan unguwa ke jin maganarta, domin kuɗin cikin gida ta hannunta za su fito. Shugaba da ma'aji kada su kasance masu riƙe da muƙamin jam'iyya, ko da a matakin rumfar zaɓe ne. Amma a cikin sauran mambobi a tabbatar akwai wanda APC ke yarda da shi, akwai wanda PDP ke yarda da shi. Za ku buƙaci kowannensu.

Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba sa fita sai biyu sun sa. Asusun mutum ɗaya ko na mai POS na bakin titi ba wurin tara kuɗin jama'a ba ne, ko mutumin ya kai kowa amana. Rajistar amintattun ƙungiya da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista tana ɗaukar lokaci, domin ana buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, bankuna kuma kan nemi takardar SCUML, wato sashen EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, daga ƙungiyoyin agaji. A fara wannan wata uku kafin taro. In lokaci ya ƙure, a yi yarjejeniya a rubuce da wata ƙungiyar unguwa mai rajista a yi amfani da asusunta.

Na ƙarshe, ku fara tara naku. In unguwa ta haɗa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, ko ta buga bulo ta tara yashi, to kuna zuwa wurin mai mulki ne a matsayin masu aiki da ke neman a kama masu. In ba ku tara komai ba, layinku ɗaya da masu kuɗin magani da masu kuɗin suna da ke cike ƙofar gidansa kullum safiya.

Wa ke riƙe da me

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, 'yan majalisar jiha 30, 'yan majalisar wakilai 11 da sanatoci uku. Abu na farko shi ne ku san naku, domin nan ake yawan kuskure a cikin birni. Ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu ba ta cikin mazaɓar sanatan Sakkwato ta Kudu. Ita da Sakkwato ta Arewa da Wamakko da Kware duk suna ƙarƙashin sanatan Sakkwato ta Arewa. Sanatan Kudu shi ke da su Boɗinga, Dange-Shuni, Tambuwal, Yabo da Shagari. Mutumin Arkilla yana ganin kansa ɗan birni, amma ciyaman ɗinsa na Wamakko ne. Wasiƙar da ta je wa wanda ba ƙuri'arsa a wurin, da wuya a amsa ta.

Kansila ba shi da kuɗi masu yawa, kada ku ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amfaninsa shi ne ƙafa da fuska: shi zai kai ku wurin ciyaman, shi ya san ranar da ake samunsa. Ciyaman kuma ya fi sauƙin ba da kaya da aiki a kan ba da tsabar kuɗi: tifar yashi, injiniya daga sashen ayyuka ya duba gini, takardar izini, ma'aikacin lafiya da za a tura ɗakin shan magani bayan an gyara. Ku nemi irin wannan da sunansa. Ɗan majalisar jiha yana iya ba da nasa daga aljihu, kuma wasiƙarsa zuwa ma'aikata ko hukumar samar da ruwa a karkara tana motsa fayil ɗin da taku ba za ta motsa ba.

Ɗan majalisar tarayya da sanata suna da hanya biyu, kuma kada a cakuɗa su. Akwai kyautar aljihu, wadda za ta iya shigowa cikin mako. Akwai kuma aikin mazaɓa, wanda sai an sa shi a kasafin kuɗin tarayya, wata ma'aikata ta ba da kwangila, a saki kuɗi. Wannan yana cin shekara ko fiye, kuɗin ba sa biyowa ta asusunku, ba ku za ku zaɓi ɗan kwangila ba. In ya ce “zan sa maku shi a kasafi”, ku yi godiya, ku ba shi takardu tun tsakiyar shekara kafin a fara aikin kasafin baɗi, amma kada ku rubuta shi cikin abin da gidauniya ta tara. Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci take bin sawun ayyukan mazaɓu, saboda haka in an ce an sa naku, kuna da haƙƙin tambayar sunan aikin da hukumar da aka ɗora shi a kanta.

Kada a manta da kwamishinoni da masu ba gwamna shawara 'yan asalin unguwar, da tsofaffin masu muƙami, da masu neman takara. Wanda ya sauka daga mulki sau da yawa ya fi mai ci samun lokacin sauraro.

Ƙofar shiga

Wasiƙa kaɗai ba ta aiki, mutum kaɗai ma ba ya aiki. Ana haɗa su ne. Ku nemi wanda ɗan siyasar ke jin kunyarsa, ba wanda ke ci a hannunsa ba: malaminsa, surukinsa, abokin karatunsa, uban ƙasa ko hakimin yankin. Yaron siyasa zai iya yi maku alƙawarin ganawa sau goma, amma ba zai iya ce wa maigidansa “ya kamata ka yi” ba. Kafin ma a je ko'ina, a fara sanar da mai unguwa da hakimi. A ƙasar Sarkin Musulmi aikin jama'a da ya tsallake masu sarauta yana fara tafiya da ɗingishi, kuma ɗan siyasar kansa zai tambaya ko sun sani.

Wasiƙar shafi ɗaya ce. Sunan aikin da wurinsa, gidaje ko yara nawa za su amfana bisa ƙirgen da kuka yi da kanku, jimillar kuɗi, abin da unguwa ta riga ta tara, abin da kuke nema daga gare shi takamaimai, lambar asusu, da lambar wayar mutum biyu. A maƙala ƙiyasi da hoton wurin guda biyu ko uku. A kai kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Ta ofis gara a rubuta da Turanci a haɗa da ta Hausa.

Majalisar tarayya tana zama Talata, Laraba da Alhamis, saboda haka ana samun 'yan majalisa a gida daga Juma'a zuwa Lahadi, ko lokacin dogon hutunsu na wajajen Agusta. Makon sallah da goman ƙarshe na azumi lokaci ne na cunkoso, aljihu ya rarake, kada ku kai babbar buƙata a nan. Aikin ciyarwar azumi tun Rajab ake kai maganarsa. Wurin ta'aziyya da ɗaurin aure a gaisa kawai, kada a fito da takarda.

Tawaga mutum uku ko huɗu ta isa, kuma mutum ɗaya zai yi magana. Minti biyar ne a hannunku. Bayan gaisuwa, dattijon tawagar yana iya cewa: “Ranka ya daɗe, matsalar ruwa ce ta kawo mu. Mun fara da kanmu, ga abin da muka tara, ga takardar banki. Abin da muke roƙon Yallaɓai shi ne ya ɗauke mana tanki da sola, ga kuɗinsu a rubuce. In da hali muna so su shigo kafin ranar taro, a ranar sai mu shaida wa jama'a an riga an bayar.” Jimlar ƙarshen nan ita ce ginshiƙin ziyarar. In ya ce “za a duba”, a tambaya cikin ladabi: “Wa za mu tuntuɓa, Yallaɓai, kuma yaushe?” A karɓi suna da lamba a gabansa. Kada a kawo maganar ƙuri'a, ba ta alƙawari ba, ba ta barazana ba. Ranar da kwamiti ya ce “unguwa taka ce in ka yi mana”, ya sayar da abin da ba nasa ba.

Masu adawa da juna

Ku gayyaci kowane ɓangare, kuma ku gaya wa kowa cewa an gayyaci ɗayan. Ɓoyewa ita ke sa wani ya iso bakin rumfa ya hango abokin hamayyarsa a babbar kujera ya juya da motarsa. Rigimar cikin gida ta jam'iyya ɗaya ta fi ta tsakanin jam'iyyu zafi, a kula da wannan sosai. Uban taro ya zama basarake ko malami, shugaban taro ya zama dattijon da ba ruwansa da jam'iyya, babban mai ƙaddamarwa kuma gara attajiri ɗan kasuwa. 'Yan siyasa su zo a matsayin manyan baƙi, a zaunar da su bisa girman muƙami ba bisa yawan kyauta ba. In biyu ba za su iya zama inuwa ɗaya ba, a ba ɗaya ranar aza harsashi, ɗaya ranar buɗewa.

Wuri ya zama filin makaranta ko ƙofar hakimi, ba gidan ɗan siyasa ko ofishin jam'iyya ba. A rubuta a takardar gayyata cewa ba tuta, ba fosta, ba waƙar jam'iyya. In a harabar masallaci za a yi, a tuna Dokar Zaɓe ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Gab da zaɓe kuɗi sun fi saurin fitowa, gaskiya ne, amma a lokacin ne aikin ke saurin ɗaukar launin jam'iyya, wanda ya faɗi kuma alƙawarinsa yana faɗuwa tare da shi. A irin wannan lokaci abin da ya shiga asusu kaɗai za a sanar.

Ranar taro

Kuɗin shirya taro kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema. A sa taron ranar Asabar da hantsi ko bayan La'asar zuwa kafin Magariba; a zafin Maris zuwa Mayu kada a zaunar da dattawa a rumfa da tsakar rana. A fara a kan lokaci ko manyan baƙi ba su iso ba, da karatun Alƙur'ani da bayanin ma'aji da gudummawar 'yan unguwa. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, a kuma roƙi kowane baƙo ya taƙaita 'yan rakiya, don 'yan bangar siyasa in sun cika wuri mata da dattawa tashi suke yi. A yi wa sanƙira da maroƙa ihsaninsu daga kwamiti tun farko, kada kuɗin da aka kawo don rijiya su ƙare a liƙi.

Teburin karɓa ya kasance da mutum uku: mai ƙirga, mai rubuta rasit, mai shaida. Ambulan da aka miƙo a buɗe shi nan take a ƙirga kafin a faɗi adadi a lasifika. Wanda ya yi alƙawari a ba shi kati ya rubuta adadi da ranar biya da lambar wanda za a tuntuɓa, ya sa hannu. In wakili ne ya yi magana, a rubuta sunansa, a aika wa maigidan saƙo a daren don ya tabbatar. Manyan kuɗi a bi da su ta banki. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta iyakance mu'amala da tsabar kuɗi a naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya. A ƙarshen taro a faɗi lissafi kashi uku daban-daban: abin da ya shigo hannu, kayan da aka kawo, da alƙawura. Haɗa su a jimla ɗaya shi ne tushen zargin da ke biyo baya, domin jama'a za su tafi gida da babban adadi a kai, alhali ba shi ke asusu ba.

Bibiya

Cikin kwana biyu a kai wasiƙar godiya, da adadin da aka karɓa a rubuce da lamba da kalmomi, ta isa hannun mai kyautar kansa, ko aƙalla hotonta ya shiga wayarsa. Wannan ita ce maganin masu yanke kuɗi a hanya. In an aiko da miliyan ɗaya dubu ɗari shida suka iso, wasiƙar ce za ta nuna, ba tare da kun kai ƙarar kowa ba. Wanda ya ce sai an ba shi kasonsa kafin kuɗi su fito, a ba shi haƙuri: kuɗin marayu da na ruwan sha ba na kwamiti ba ne balle ya raba. A kuma tambaya ko kyautar ta aljihu ce ko ta gwamnati. In ta gwamnati ce akwai takardun da za a sa wa hannu, a karanta adadin da ke jiki kafin a sa, kada a taɓa sa hannu a farar takarda.

Mai alƙawari a tuna masa bayan mako biyu, sannan bayan wata ɗaya ta hannun wanda ya kai ku wurinsa, kowane karo da hoton inda aiki ya kai. In ya yi nauyi, a sauƙaƙa masa: ya biya kashi-kashi, ko ya biya mai siminti kai tsaye. Bayan wata uku a cire shi daga lissafin aiki, a tsara abin da ya rage da kuɗin da ke hannu. Kada a kai shi Facebook ko gidan rediyo. Allon lissafi a ƙofar masallaci mai nuna waɗanda suka biya ya wadatar, ƙofar mai alƙawarin kuma tana nan a buɗe don aiki na gaba.

Zakka, sunaye da hotuna

Wani zai ce abin da ya bayar zakkarsa ce. A tsaya nan a tambayi malamai, domin zakka tana da mutane takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Irin waɗannan kuɗi a ware su a rubuce, a ba mabuƙata hannu da hannu, ko a nemi shawarar Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha.

In rabon abinci ne ko kayan marayu, za a zo maku da jerin sunaye daga gidan mai kyauta. Maganinsa shi ne a rubuta sharuɗɗan cancanta tun kafin a nemi ko sisi, liman da mai unguwa su tantance gida-gida. Duk sunan da aka kawo sai ya bi ta wannan sikeli. Wanda ya cancanta ya shiga, wanda bai cancanta ba a bayyana dalili a asirce. Rabo kuma a yi shi da kati, rukuni-rukuni, ko a kai har gida. Turmutsutsun da ya ci rayuka a wuraren rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija a Disamban 2024 ya isa ya hana kowa yin shelar rabo a fili ɗaya mai ƙofa ɗaya.

Ɗan siyasa yana son a san ya yi, kuma ba laifi a faɗa. Bayyana sadaka halas ne, yana ma zaburar da wasu. A ambace shi a sanarwar Rima Radiyo, a sa sunansa a allon aikin tare da na sauran masu gudummawa, sunan unguwa a sama. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a jera marayu da zawarawa riƙe da buhu ana ɗaukar fuskokinsu. A ɗauki hoton kaya, a ɗauki na ginin, a ɗauki nasa da 'yan kwamiti.

Ranar buɗe aiki a raba lissafi shafi ɗaya, shiga da fita, a kai wa kowane mai gudummawa nasa kwafin har gida. A ranar kuma a naɗa mutum uku masu kula da gyara, a yanke abin da kowane gida ko kowace jarka za ta riƙa biya, a buɗe masa littafi na daban, a ajiye lambar makanikin da ya haɗa famfon a wurin mai unguwa da wurin ma'aji.